Masu gadi uku a ƙofar tsohuwar kwamfutata

Wani dare cikin azumin 2024, bayan an idar da asham, na fito da tabarma tsakar gida saboda ɗaki ba ya zaunuwa don zafi. Na ɗora kwamfutata a kan kujerar tsugunno, na jawo waya daga soket ɗin bakin ƙofa, na kunna ta. Makin ɗalibai 184 ne a gabana, aji huɗu, kuma jibi ake son sakamako a ofishin shugaban makaranta. Ƙarfe tara da 'yan mintuna aka kawo wuta. A unguwarmu in an kawo ta a irin wannan lokaci, da wuya ta cika awa biyu. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta take bin ta.

Ina kallon agogon wayata. Sai da ta ci minti bakwai kafin abubuwan kan allo su gama bayyana, sannan wasu minti huɗu kafin Excel ya buɗe. In na buga 67 a gaban sunan yaro, sai in ɗaga hannu in jira, can sai 6 ta fito, can kuma 7 ta biyo ta. Ɗan zoben nan shuɗi yana ta juyi. 'Yar fitilar gaban kwamfutar, wadda ke nuna faifan ajiya yana aiki, ko ƙiftawa ba ta yi, a kunne take kawai. Fanka kuma sai huci, iskar da ke fitowa ta gefen hagu kamar daga bakin murhu. Uwargida tana gefe tana tace gasarar kunun sahur, ta ɗago ta ce, "Malam, anya wannan abar ba ta gaji ba? Tun ɗazu nake jin nishinta." Ban amsa mata ba, domin abin da ke raina ke nan, kuma ba na son in ji an furta shi. Sha ɗaya saura kwata aka ɗauke wuta. Yara arba'in da ɗaya na shigar, goma sha biyu na ƙarshe ban kai ga adanawa ba.

Sai na faɗi matsayin wannan kwamfuta a wurina, in ba haka ba za a ce me ya hana ni yar da ita tun tuni. Ƙirar 2011 ce, Core i5 zubi na biyu, ram giga 4, faifan ajiya giga 500. Yayana ne ya saye ta a 2013, irin waɗanda aka gama amfani da su a ofisoshin Turai ake kawo mana, da Windows 7 a kanta. A 2016 ya samu aiki a Abuja aka ba shi sabuwa, sai ya miƙo mini wannan da jakarta ya ce, "Ungo, ka daina kai tambayoyin jarrabawa wani ya buga maka." A kanta na koyi bugu da yatsu goma. A cikinta tambayoyin jarrabawar shekara takwas suke, da takardun rabon gadon gidanmu, da hotunan sunan 'ya'yana uku. Akwai kuma wata folda da Yaya ya bari, sunanta Baba kawai. Sauti ne guda tara da ya ɗauka da wayarsa a 2015, mahaifinmu yana ba da labarin yadda kakanmu ya baro ƙauye da jakuna biyu ya shigo Kano fatauci a Kurmi, yana lissafo sunayen dangi har kaka na biyar, wani wurin ya tsaya ya yi tari, wani wurin ya yi dariya. Allah ya yi wa Baba rasuwa a 2018. Wayar Yaya ta daɗe da ɓata. A lokacin, ban da wannan folda babu inda muryarsa ta saura.

Tsoron da ya jawo duk wannan wahala a 2017 ya shige ni. Lokacin ina aiki rabi a kwamfutar makaranta rabi a gida, don haka kai tsaye a kan filashi nake adana komai, ba ni da kwafi a ko'ina. Na gama buga tambayoyin zango na uku, nawa da na abokan aiki uku da suka ba ni amana, na kai wani shagon buga takardu a fitar mini. Yaron shagon ya soka filashin a kwamfutarsa, ya fitar da shafi biyu, inji ya tsaya, ya ce in dawo gobe. Da na koma gida na soka a tawa, foldodina duk suna nan da sunayensu, sai dai kowace ta fito da wata 'yar kibiya a gindinta. Na danna ɗaya, wani baƙin akwati ya yi wulgawa ya ɓace, ba abin da ya buɗe. Na danna ta biyu, haka. Washegari yaron ya duba ya ce, "Malam, bairos ne ya cinye su, sai dai a yi fomatin." Aka yi. Aikin sati biyu ya tafi, na tsaya gaban mutum uku ina ba su haƙuri, muka kwana uku muna sake rubutawa daga guntayen takardu. Bayan haka kowane filashi na soka a kwamfutata sai ya kamu, har sai da aka wanke mini ita.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A makon na sauke antibairos na kyauta daga intanet. Wani abokin aiki ya ba ni wani ƙarami, ya ce shi nasa aikin filashi ne, da ka soka zai cafke. Na ƙara. A Janairun 2020 da Microsoft ta daina kula da Windows 7, na kai aka ɗora mini Windows 10, mai ɗorawar ya haɗa mini da wani na kuɗi mai gwajin kwana talatin. Ina dawowa gida na mayar da nawa biyun a kai. Kwana talatin suka cika, ban biya ba, ban kuma cire shi ba, don a tunanina ko ba komai yana rage wani abu. Wata manhaja kuma ta biyo ɗayansu ban san lokacin da na amince da ita ba, wai ita sharar kwamfuta take yi tana ƙara mata gudu. Kullum na kunna sai jan akwati ya fito ta kusurwar dama, wannan ya ce kwamfutarka tana cikin haɗari, wancan ya ce ya gano ɗaruruwan matsaloli, danna nan ka biya a gyara. Gaskiya ita ce wannan hayaniyar kwantar mini da hankali take yi. Bayan rasuwar Baba, duk lokacin da na ga jan akwatin sai in ji ana gadin muryarsa.

Nauyin bai zo rana ɗaya ba, shi ya sa ban alaƙanta shi da su ba. Kowace shekara tana ƙara saiɓi kaɗan, ni kuma ina cewa tsufa ne.

Washegarin daren nan na ari kwamfutar wani malami na ƙarasa sakamakon. Ranar Asabar na saka tawa a jaka na nufi titin Beirut, da niyyar in ji farashin wata, in kuma ji ko za a karɓi wannan a rage mini wani abu. Lokacin dala ta riga ta haura naira 1,500, kayan da ake shigowa da su duk sun yi tashin gwauron zabi. Shago uku na shiga. Mafi araha da aka nuna mini, ita ma ta hannu, ta fi albashina na wata biyu. Ina fitowa daga na ukun sai wani saurayi ya taso daga wani ɗan lungun gyara, ya rusuna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ka gane ni ba?" Ɗalibina ne na shekarun baya, yaro ne mai shiru da ke zama layin taga. Muka gaisa, na tambayi mahaifansa, ya ga jakar ya tambaya. Na ce ta tsufa ne, zan rabu da ita. Ya ce, "Malam, kawo in gani tukuna. Ba a yanke wa mara lafiya ƙauna ba a duba shi ba."

Ya jona ta, muka jira mintunan nan bakwai tare. Sannan ya danna maɓallai uku lokaci ɗaya, Ctrl da Shift da Esc, wani allo ya fito da ake kira Task Manager. Shekara takwas ina tare da kwamfutar ban taɓa buɗe shi ba. Jeri ne na duk abin da ke aiki a cikinta, kowanne da abin da yake ci. A sama, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kusan kashi 35 cikin ɗari, ram ya haura 90, faifan ajiya kuwa 100 cif, ba ya motsi daga nan. Ya danna kan layin faifan don masu cin da yawa su hau sama. Sunaye uku na farko duk na san su. Masu gadina ne. Ba mu buɗe komai ba, ko takarda ɗaya, amma sun riga sun cinye hanya.

Ya ce, "Malam, ka san yadda antibairos yake aiki? Mutane sun ɗauka yana zaune ne sai an kira shi. A'a. A bakin ƙofa yake. Duk fayil ɗin da za a buɗe, ko a rubuta, ko a kwafa, sai ya tare shi ya kwance kayansa ya duba, ya gwada da jerin ɓarayin da ya sani, sannan ya ce wuce. Kai kana ganin Excel ɗaya ka danna, amma kafin ya buɗe sai ya jawo ɗaruruwan ƙananan fayiloli. Kowane ɗaya sai an tsayar da shi. To kai masu gadi uku ka ajiye a ƙofa ɗaya. Na farko ya buɗe buhu zai duba, na biyu ya ga an taɓa buhu, shi ma ya ce sai ya duba. Wani lokacin ma junansu suke bincike, don kowannensu yana ɗauke da kamannin bairos a jakarsa, da su yake gane ɓarawo."

Sauran bayanin a hankali na fahimce shi, wani a bakinsa, wani da na koma gida na bi diddigi. Faifan ajiyar da ke cikin irin waɗannan kwamfutoci faifai ne na gaske, kamar na garmaho, yana juyi sau 5,400 a minti, da ɗan hannu guda mai kai da kawowa a kansa yana karantawa. In babban fayil ɗaya zai karanta a jere, ba laifi. Amma in ƙananan fayiloli ne a warwatse, sai hannun ya je nan, ya jira faifai ya juyo, ya koma can, abin da zai iya a daƙiƙa bai wuce ɗari ko ƙasa da haka ba. Aikin antibairos kuwa kusan duk irin wannan ne. Ga kuma matsalar ram. Ram kamar faifan tankaɗe ne a gaban mai aiki, faifan ajiya kuma rumbu ne a bayan gida. Giga 4 ne kawai, Windows 10 ya ɗauki kusan rabi, masu gadi da mai shara sun raba saura. In ya cika, sai Windows ya riƙa kwashe wani abu yana kaiwa rumbu don a samu wuri, in an buƙace shi a sake ɗaukowa. Rumbun kuwa shi ne wannan faifan da tuni masu gadi suka tare ƙofarsa. Shi ya sa 6 take fitowa 7 ta tsaya a hanya. Dambu ne ya yi yawa, ba ya jin mai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na kuɗin nan. Ya buɗe shi ya nuna mini ranar da ya karɓi sabon jerin bairos na ƙarshe: 2020. Shekara huɗu yana tare kowane fayil yana gwadawa da tsohon jeri. Nauyinsa yana nan cif, kariyarsa ta daɗe da tafiya. Mai sharar ma haka, abin da take kira ɗaruruwan matsaloli yawanci tarkacen burauza ne da ba sa cutar da kowa. Ina ganin rashin adalci ne a gina kasuwanci a kan tsoratar da mutumin da bai san abin ba. Wanda jan akwatin nan ya fi kamawa shi ne irina, mai tsohuwar na'ura, mai ƙaramin albashi, wanda ya taɓa yin asara, kuma shi ne wanda na'urarsa ba za ta iya ɗaukar kayan ba.

Ya ce zai cire su duka. Nan fa na dafe kwamfutar. Na ce, "Tsaya, ɗana. In ka cire su wa zai tsare ta? Akwai abin da in ya ɓace a cikin nan ba ni da inda zan samo shi." Na gaya masa zancen Baba. Bai yi mini musu ba. Ya jawo aljihun teburinsa ya ɗauko wani faifan waje, ya ce kafin a taɓa komai sai an kwafe. Muka zauna muna kallon koren layin yana tafiyar hawainiya, fayil tara, da hotuna, da takardu. Ya sake zuba foldar Baba a wayata. Sannan ya ce, "Malam, shekara shida kana gadin abu ɗaya da mutum uku, amma kwafinsa ɗaya ne a duniya. Da faifan nan ya faɗi ƙasa, ko ya mutu don kansa, ba antibairos ɗin da zai dawo maka da shi." Maganar ta shige ni, don ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Sai ya buɗe wani wuri a cikin Windows ɗin ya nuna mini Microsoft Defender. Tun Windows 8, a 2012, ake haɗo cikakken antibairos a cikin Windows, ba sai an saya ba. In ka sa wani, sai ya ja gefe ya bar masa ƙofa. In ka cire wancan, ya dawo bakin aiki da kansa. Wato duk shekarun nan akwai mai gadin gida a ciki, ni na sallame shi ban sani ba. Na nuna shakka, don ban taɓa jin ya yi ihu ba. Daga baya na ga cewa akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada waɗannan manhajoji, irin su AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, kuma a 'yan shekarun nan Defender yana fitowa cikin na gaba wajen kariya. Abin da ya ja hankalina, cibiyoyin nan har maki na daban suke bayarwa kan yadda kowane antibairos yake nauyaya kwamfuta. Ashe abin sananne ne, har awonsa ake yi.

Cirewar ma ba ta zo da sauƙi ba. Biyu daga cikinsu in ka cire ta hanyar da aka saba, sai su bar saiwa a can ƙasa. Sai da ya sauko da wata 'yar manhajar tugewa daga shafin kowane kamfani, aka kashe aka kunna sau uku. Muna jira ne na ba shi labarin filashin 2017. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, an yi fomatin ɗin?" Na ce an yi. Ya ɗauko wani filashi daga cikin gwangwanin da yake tara na kwastomomi, ya soka a tasa kwamfutar. Ga foldodi masu 'yar kibiya, irin nawa sak. Ya buɗe baƙin allon umarni, ya shiga filashin, ya buga attrib -h -r -s /s /d, ya danna. Foldodin gaske suka fito gaba ɗaya, kowace da kayanta. Ya ce, "Irin wannan ba ya cinyewa. Ɓoyewa yake, ya ajiye na bogi mai kibiya a madadinsu, in ka danna ka tashe shi ya shiga kwamfutarka." Na daɗe ina kallon allon. Tambayoyina da na mutum uku suna nan lafiya a ranar, fomatin ɗin ne ya hallaka su. Ban riƙe yaron shagon a zuciya ba, abin da ya sani ya faɗa. Amma na yi baƙin ciki, kuma tun ranar duk malamin da ya zo mini da filashi mai kibiya, abin da nake fara ce masa shi ne kada ya danna, kada kuma ya yarda a yi fomatin.

Kafin in tafi ya kifa kwamfutar ya kwance bayanta, yana jera sukurori a murfin gwangwani. Tsakanin fanka da ramin fitar iska ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani abu mai kauri, launin toka, kamar guntun tsohon bargo. Ƙurar hunturun shekara goma sha ɗaya ce ta dunƙule ta toshe hanya. Man da ake shafawa a kan firosesa don ya miƙa zafi ya bushe ya zama kamar alli. Ya goge ya shafa sabo. Firosesa in ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A Kano kuwa, watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 ko a inuwa. Ga masu gadi suna sa ta aiki ba hutu, ga hanci a toshe, ga zafin gari, ni kuma ina ɗora ta a kan katifa wani lokacin.

Da ya mayar ya kunna, minti biyu ta gama tashi. Ban sayi komai ba a ranar, kuɗin aikin ma ƙin karɓa ya yi sai da na matsa masa. Ina nanata wannan don masu cewa sai an sayi wani abu. Kashi mafi girma na ciwon ya tafi da cirewa da sharewa kawai.

Ba zan ce Defender ba shi da nauyi ba. A makonnin farko, in ya tashi bincikensa, sai in ga wani suna mai tsawo, Antimalware Service Executable, ya hau saman jerin, faifai ya koma 100 na ɗan lokaci. Bambancin shi ne yana gamawa ya sauka. Bayan sallah, da na ɗan samu sarari, na koma aka sa mini SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, mai giga 256, aka ƙara ram ya zama giga 8. Da ya miƙo mini SSD ɗin na riƙe, sai na ji kamar fanko, ba nauyi, ba abin da ke juyi a ciki. Ba hannu mai kai da kawowa, don haka ƙananan fayilolin nan da ke kashe tsohon faifai, dubbai yake karantawa a daƙiƙa. Duka biyun ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin waccan kwamfutar da aka nuna mini ba. Yanzu kafin in gyara zama ta tashi, daƙiƙa ashirin da biyar na ƙirga. Bincike yana gudana ina aiki ban ma sani ba.

Da na ba da labarin a ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ce ai shi ya riga ni, shekara biyar ke nan ya kashe komai, har Defender ɗin, har sabuntawar Windows don tana cin data, kuma lafiya lau. A nan muka rabu. Ban je gyara don in kori gadi ba, na je ne aka rage su suka koma ɗaya mai rai. Kwamfutarsa tana karɓar filashin ɗalibai da na shagunan buga takardu kullum, kuma wannan ita ce tsohuwar hanyar cutar. Bairos na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocinmu, Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a kan faifan da ake zarewa a kai wata kwamfuta ya yi yawo. Mu har yau a nan muke, faifan ne kawai ya zama filashi. Batun kashe sabuntawa kuwa ya fi ba ni tsoro. A ranar 12 ga Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da abin toshe ramin da ya bi. Waɗanda ya kama, yawancinsu ba su sabunta ba ne. Na san tsadar data, ni ma da ita nake fama. Abin da nake yi shi ne in bari sai dare, lokacin garaɓasa, in bar ta ta sha.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Yawancin manhajojin da ake zuba mana a kasuwa fasassu ne, ba a biya kuɗinsu ba, kuma umarnin farko da ke zuwa da su shi ne ka kashe antibairos kafin ka sa. Mutum da hannunsa zai ce wa mai gadi ya kau da kai, ya shigo da baƙon da bai san abin da ke jakarsa ba, sannan gobe ya ƙara mai gadi na biyu da na uku. Na yi hakan a baya, na daina.

Watanni kaɗan bayan gyaran, ranar 19 ga Yulin 2024, na ji a rediyo cewa jirage sun kasa tashi a ƙasashe da dama, bankuna da asibitoci sun tsaya, saboda sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Ba ɓarawo ba ne ya yi wannan, mai gadi ne ya yi tuntuɓe. Sai na tuna saiwar nan da aka sha wahalar tugewa a shagon ɗalibina. Irin waɗannan manhajoji a can cikin ƙashin Windows suke zama, shi ya sa suke iya tare komai, shi ya sa kuma in sun yi nauyi komai ya yi nauyi. Ni kuma guda uku na cusa a wurin, a kan na'urar 2011.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Windows 10, sai ƙarin wa'adi na sabuntawar tsaro ga wanda ya yi rajista. Tawa ba za ta hau Windows 11 ba, don yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da firosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, tawa kuwa na biyu ce. Na san abin da zuciyata za ta raya mini, wato in nemo wani babban antibairos in ɗora ya rufe giɓin. Ba zai rufe ba, don ramin a jikin bangon yake. Ɗalibina ya zuba mini Linux Mint, wani tsari da ake sawa a madadin Windows, a wani filashi, ya nuna mini yadda zan tashe ta daga kansa in gwada ba tare da na goge komai ba. Na buɗe takardar makina a LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Excel a can, lissafin ya fito daidai, sai dai wasu layuka sun ɗan goce, kuma har yanzu ban gano yadda zan samu ƙ da ɗ da ɓ a wuraren da yatsuna suka saba ba. Na bar shi sai dogon hutu in zauna a kansa sosai.

Tsohon faifan ban yar ba. An saka mini shi a ɗan kwanso mai waya, ya zama faifan waje. Duk ƙarshen wata nake jona shi in kwafe abin da ya ƙaru, in zare, uwargida ta mayar da shi cikin akwatinta a naɗe da ɗankwali. Muryar Baba yanzu tana wuri huɗu: a kwamfuta, a wannan faifan, a wayata, da kuma wurin Yaya a Abuja, wanda na tura masa a daren da aka yi gyaran. Ya kira ni bayan sahur, muryarsa a dashe, ya ce ya saurari na bakwai sau biyu, wurin da Baba ya manta sunan ƙanwar kakarmu, Inna ta tuna masa daga cikin ɗaki.